Ƙasar Faransa a Buhu

A shekarar da aka ƙirƙiro jihar Filato, Chundung tana London tana neman digirin dokta a kan sinadaran da ke cikin 'ya'yan inabi. Ba ita ta zaɓi inabin ba. Ta zo ne da niyyar nazarin acca, abincin garinsu, sai farfesan da aka haɗa ta da shi ya ce bai taɓa jin sunan acca ba, kuma ba shi da niyyar fara ji da tsufansa. Inabi yake yi, don haka inabi za ta yi. Da haka ta san inabi ciki da waje ba tare da ta taɓa taka gonarsa ba. A kwali ake aiko musu da shi daga Faransa da Jamus, ta matse, ta tace, ta auna. Giyar kuwa sau ɗaya ta taɓa kurɓa, ta yamutsa fuska ta ce kunun zaƙi ya fi ta mutunci.

A unguwar Edmonton take zaune, a ƙasan wani tsohon gida, ita da Sakinatu, wata 'yar Zariya mai koyon aikin ungozoma. Bayan flat ɗin nasu akwai ɗan fili inda suke shanya kaya idan rana ta yi kuskuren fitowa.

Wata safiya a ƙarshen hunturu waya ta yi ƙara. Tana ɗauka ta ji muryar Kawu Matiyu, ƙanen mahaifiyarta.

"Dokta!"

"Kawu, ai ban zama ba tukuna."

"Kin zama. Na riga na gaya wa kowa a gida. Ina nan garinku, na yi booking a otal. Ki zo yanzu, akwai magana."

Da can Kawu Matiyu tsohuwar tifa guda gare shi, yana ɗibar yashi a Bukur. Da kuɗin man fetur suka zo, gwamnati ta shiga gine-gine kamar an ce mata daga gobe za a hana, tifa ɗaya ta zama jerin motoci, shi kuma ya zama ɗan kwangila mai ofis da sakatariya. Dattijon coci ne kuma, irin wanda ya taɓa sa aka hana wani bawan Allah cin jibin Ubangiji saboda an hango kekensa a ƙofar gidan burukutu.

Ta same shi a falon otal cikin babbar riga, ya ɗora kwat mai kauri a kai. Bai bari ta gama gaisuwa ba ya fara ba ta labari. An gayyace shi liyafa a Ikko, ya ga wani babban ma'aikaci ya ɗaga kofi, ya shinshina, ya lumshe ido, ya ambaci sunan wani yanki na Faransa. Da aka juyo kwalbar aka duba, ashe haka ne. Saura kaɗan a yi masa tafi.

"Tun ranar na kasa sukuni," in ji Kawu. "Ƙauye ne fa a can, an ce ko Bukur bai kai ba. Amma mutum ya shinshina kofi a Ikko ya kira sunansa. To ni so nake wata rana Bature ya shinshina kofi a nan London ya ce Bukur. Ba sanyi gare mu ba? Dankalin Turawa ya yi a wurinmu, kabeji ya yi. Inabi ne zai yi mana girman kai?"

"Kawu, giya ce fa."

"Ruwan inabi," ya gyara mata, yana ɗaga yatsa. "Giya ita ce wadda ake sha a ƙwarya. Wannan a cikin Littafi yake."

Washegari ya sa ta raka shi wurin wani dillalin giyar inabi, Mista Bernard, a wani lungu na tsakiyar birni. Kantin a ƙarƙashin ƙasa yake, da sanyi da warin tsohon katako. Shekarun baya da baƙin mutum zai leƙo nan, Mista Bernard tambayarsa zai yi ko ɓatan hanya ya yi. Amma zamani ya koya masa cewa mai babbar riga ba ya ɓata hanya, don haka ya tare su tun daga matakala kamar 'yan uwan da aka daɗe ba a gani ba.

Ya jera kofuna, ya nuna wa Kawu yadda ake yi: a kurɓa, a juya a baki, a tofar a cikin wani ɗan bokiti. Kawu ya ji daɗin wannan tsari ƙwarai, ya ce lallai masu tsoron Allah ne suka ƙirƙiro shi. Sai dai daga kofi na huɗu ya riƙa mantawa da bokitin.

Can Mista Bernard ya ajiye kofuna biyu kusa da juna. Ya ce irin inabi ɗaya ne, shekara ɗaya, hannu ɗaya ya matse su, kuma gonakin biyu wata 'yar turba ce kawai ta raba su. Kawu ya kurɓi na farko, ya kurɓi na biyu, ya zaro ido. Ko shi ya ji bambanci. Ɗaya laushi a baki, ɗaya kuwa ya kama masa harshe kamar ya tauna ɗanyen goro.

"Me ya kawo haka?"

Baturen ya ambaci wata kalmar Faransanci, ya bi ta da dogon bayani. Turancin Kawu na kwangila ne, bai wuce siminti da rodi ba, don haka ya juyo wurin Chundung. Ita kuwa ƙafafunta sun yi sanyi, yunwa take ji, sai ta ɗauki kalmar da ta fi kusa.

"Ya ce ƙasa ce."

"Wace ƙasar? Ƙasar Faransa, ko ƙasar da ake takawa?"

"Duka biyun, Kawu. Har da sama ma."

Nan take ta ga idonsa ya yi wani irin haske, irin wanda yake yi idan ya hango yashi mai kyau a bakin rafi. Ta yi sauri ta gyara zama ta shiga bayani, da fatan ta tare abin kafin ya yi nisa.

"Kawu, bari in faɗa maka yadda abin yake. A cikin ɗan inabi akwai zaƙi, akwai tsami, sannan a ɓawonsa da ƙwallonsa akwai bauri, wannan da ya kama maka harshe. Rana ce take cika shi da zaƙi. Idan zafi ya yi yawa sai ya cinye tsamin, giyar ta fito lami. Idan sanyi ya yi yawa zaƙin ba zai zo ba, ta fito kamar ruwan tsamiya. Inda rana take da ƙarfi amma dare yake da sanyi, a nan ake samun biyun tare. Gonar da ke kan gangare tana fuskantar rana daban take da wadda ke cikin kwari. Ita ƙasar, aikinta shi ne yadda take riƙe ruwa ko ta sake shi. Mai tsakuwa takan sa itacen ya ɗan sha wuya, 'ya'yan su fito ƙanana da kaurin ɓawo, baurin ya ƙaru. Ba wai ɗanɗano ne yake kwance a cikin ƙasa kamar gishiri, saiwa ta tsotso ta kai sama ba. Wurin ne gaba ɗayansa, da ruwan samansa da iskarsa da mutanen da suka san lokacin tsinka."

Kawu ya saurare ta da natsuwa, yana gyaɗa kai, har ta fara tunanin ta yi nasara.

"Madalla da karatu," ya ce. "Tambaye shi, a tifa suke sayar da ita ko a buhu?"

Ta so ta ƙi fassarawa, amma Kawu ya riga ya fara nuna buhu da hannuwansa. Fuskar Mista Bernard ko motsi ba ta yi ba. Ya ce ba a saba ba, amma babu abin da ba za a iya arranging ba. Ya ƙara da cewa ya daɗe bai ga mai hangen nesa irin wannan ba. Wannan kam Kawu bai nemi fassara ba.

A cikin tasi ta sake gwadawa. Ta ce masa itacen inabi yana bukatar hunturu ya yi barci, ta ce a Bukur ruwan sama zai sauko daidai lokacin da 'ya'yan suke son rana. Ta ce idan lallai sai ya yi, a gwada da ɗan fili, a aske itatuwan yadda za su nuna da rani, a ba su ruwa da hannu, a ga abin da wurin zai bayar da kansa.

"Abin da Bukur za ta bayar da kanta ai na sani," in ji shi. "Shekara nawa ina haƙarta?"

Da bazara ƙasar ta iso Ingila. A lokacin jiragen ruwa sun yi cincirindo a bakin Ikko suna jiran layi, yawancinsu ɗauke da siminti, wani ma na Kawun ne. Ba jirgin da zai karɓi sabon kaya. Da aka tambayi Kawu inda za a ajiye, ya ce ai 'yarsa tana da fili a bayan gida. Haka wata babbar mota ta tsaya a ƙofarsu, ƙarti suka yi ta shigar da buhuna ta cikin kicin har suka kai tsayin katanga.

Sakinatu ta dawo daga asibiti ta tsaya tana kallo, jaka a kafaɗa.

"Shinkafa ce?"

"Ƙasa ce."

"Ta me?"

"Ta Faransa."

Sakinatu ta zura hannu a bakin wani buhu, ta murza, ta ciro murfin kwalba da guntun bulo.

"Lallai kuwa. Mu da muka baro ƙasa a gida har tana shiga mana ido, yau ga shi an yi mana order ɗinta daga waje. To a ina zan shanya uniform ɗina, a kan Faransa?"

Maƙwabcinsu wani dattijo ne Baturke, mutumin Kubrus, sunansa Kemal, yana guga a wata masana'antar ɗinki. Tun zuwansa Ingila ya dasa itacen inabi a jikin katangar da ta raba su. Ganyen yake so, matarsa tana naɗe shinkafa da nama a ciki. 'Ya'yan kuwa duk shekara sukan fito ƙanana, kore shar, da tsamin da ko tsuntsayen Edmonton ba sa kulawa. Wata rana buhu ɗaya ya fashe, ƙasar ta zube a bakin ƙofa. Kemal ya leƙo ya tambaya ko suna bukatarta. Sakinatu ta ce ya kwashe, in da hali ma ya haɗa da sauran. Ya kwashi wadda ta zube ya tara a gindin itacensa.

Sai kuma aka shiga wani rani da tsofaffin Ingila suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Sama ta ƙi ruwa. Ciyawar filayen shaƙatawa ta ƙone ta koma ja, kwalta ta riƙa kama takalmi, a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suna sumewa. Hukumar gari ta hana ba shuka ruwa da tiyo, Kemal ya koma kai wa itacensa ruwan wanka a bokiti. Turawa suka yi jajir suna ta ƙorafi, Sakinatu kuwa ta ce yanzu ne garin ya fara kama da wurin zaman mutane.

Chundung ta lura da inabin Kemal tun yana fara canja launi. Da izininsa ta riƙa tsinkar 'yan ƙwayoyi tana kaiwa ɗakin bincike. Zaƙi yana hawa, tsami yana sauka, ɓawon yana yin duhu, daidai yadda littattafai suka ce zai faru idan itacen da ya saba da hazo ya samu rana. Ta ji daɗi sosai. Karo na farko ke nan da ta ga abin da take aunawa yana faruwa a jikin itace mai rai, ba a kwali ba. Har ta nuna wa farfesanta, ya ce abin sha'awa ne, wanda a bakinsa babban yabo ne. Ko kaɗan ba ta kawo Kawu a ranta ba.

Ya dawo da kaka, ya zo duba dukiyarsa. Yana tsaye a bayan gida yana shafa buhuna sai ga Kemal da faranti cike da inabi baƙi wuluk. Dattijon ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Ya ce shekara da shekaru itacen nan yana ba shi kunya, amma bana, daga zuba ƙasar nan, ga abin da ya samu. Ya ce Allah ya yi wa mai ƙasa albarka.

Kawu ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. Ya tauna a hankali. Ya ɗauki ta biyu. Sannan ya juyo ya dubi Chundung da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka kashe wa kuɗin makaranta a banza.

"Dokta, ɗanɗana."

"Kawu, na ɗanɗana, na ma auna. Rana ce. Bana duk wani inabi da ke bayan gida a Ingila ya yi zaƙi."

"Kin bi su duka kin ɗanɗana?"

"Ƙasar nan a sama kawai ya zuba ta. Saiwar itacen tana can ƙasa cikin laka irin ta London, ko gaisawa ba su yi ba."

"Buhu guda ke nan, rabinsa ma," in ji Kawu, kamar da katanga take magana. "To ina ga an shimfiɗa ta duka?"

Abin ya tsaya mata a rai. Ta tuna wani abokin karatunta yana da inabi a gidan iyayensa a unguwar Plumstead, can ƙetaren kogin da ya ratsa London, inda ba a taɓa ganin ƙwayar ƙasar Faransa ba. Ta tsallaka kogi, ta sauya bas, ta dawo da leda cike. Ta kai wa Kawu har otal ta ajiye masa a gaba, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Ya ci. Ya lumshe ido kamar yadda ya ga an yi a Ikko.

"Da zaƙi kam," ya ce. "Amma zaƙin talakawa ne. Ba ki ji ba? Babu Faransa a ciki."

Ta koma gida ta kwanta rigingine ba ta ko cire takalmi ba. Sakinatu ta kawo mata shayi.

"Ki yi haƙuri. Ke da kike da ma'auni, shi kuma yana da kuɗi, ai kin san wanda rana za ta goyi bayansa."

Bayan wannan hujja Kawu ya ce ƙasa mai irin wannan daraja ba za ta yi layi a teku tare da siminti ba. A jirgin sama aka ɗauke ta zuwa Kano, daga can motocinsa suka kai ta Bukur, tare da dashen inabi da Mista Bernard ya sake arranging. An kafa allo a bakin gona, da sunan kamfani da hoton kwalba, a ƙasa kuma an rubuta sunan Dokta Chundung a matsayin babbar masaniyar sinadarai. Ba wanda ya tambaye ta. Mahaifiyarta ta sha tambayoyi a zumuntar mata ta coci.

Shekarar da ta biyo baya Ingila ta koma halinta, ruwa ba dare ba rana. Inabin Kemal ya fito kore da tsaminsa na da. Chundung ta auna, ta samu abin da ta zata, ta je ta yi masa bayani a bakin katanga. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce shi a ganinsa ƙarfin ƙasar ne ya ƙare, ko za ta roƙar masa kawunta wani buhun.

Sai da aka ƙara shekara sannan ta ji yadda gonar ta kaya. Matar Kawu, Mama Tabita, ta zo London sayen tukwane da labule, Chundung ce mai riƙe mata jaka. A saman bas, kwalaye a kan cinyoyinsu, ta ba ta labari.

"Ganye kam an samu. Ba ki ga yadda ya yi ba, kamar zai haɗiye gonar. Awaki sun gode. Da ya fara 'ya'ya sai damina ta kankama, suka kumbura suka fashe, suka yi furfura a jikin itace. Ɗan abin da ya tsira aka matse, aka kira baƙi. Wani da ya zauna a Turai ya shinshina, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya tambaya ko akwai lemun kwalba."

"Ƙasar fa?"

"Ruwa ya kwashe ta ya gangara da ita gonar maƙwabci. Mutumin ya samu masara mai kyau bana, kawunki ya ce ƙasarsa ce, har an je gaban mai unguwa. Wadda ta rage na shuka tumatir a ciki."

"Ya yi kyau?"

"Tumatir ne dai."

Bas ya tsaya, ya tashi. Mama Tabita ta gyara kwalin da ke zamewa.

"Af, na tuna. Ya ce in gaya miki ya yi tunani, kin yi gaskiya. Ba ƙasa kaɗai ba ce, akwai maganar sanyi da ruwan sama."

Chundung ta juyo da sauri. Shekara biyu tana jiran wannan kalma.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa. Shi ya sa ya ce ki bincika masa inda ake sayar da manyan na'urorin sanyaya ɗaki, irin na filin jirgi, da rumfar gilashi da za ta rufe gonar. Ya ce tunda ke kika kawo shawarar, ke ya kamata ki zaɓo."

Chundung ta mayar da fuskarta wajen taga. Daga bisani ta ce za ta bincika. Ba ta bincika ba, kuma hakan bai hana komai ba, domin a London ta wancan zamani ba a rasa wanda zai zaɓo wa mai kuɗi abin da yake so. Na'urorin sun isa Bukur kafin wutar lantarki ta isa gonar, suna nan a cikin akwatunansu kaji suna ƙwai a kai.

Ita kuwa ta kare digirinta a ƙarshen shekarar. Masu jarrabawa sun yaba da babin da ta yi a kan inabin bayan gida a shekarar zafi. Ta koma Jos ta kama koyarwa, kuma duk ɗalibin da ya zo mata da tambaya a kan abin da ke sa amfanin gona ɗanɗano, takan ba shi amsa doguwa, a tsanake, ba ta yarda ta taƙaita ko da yunwa take ji.